Hawan Dutse A Kan Keke Da Ciwon Sukari A Jiki

A wurinmu, da zarar likita ya dubi sakamakon gwaji ya shaida wa mutum cewa yana ɗauke da ciwon sukari, abu na farko da dangi da abokan arziki kan yi shi ne su nema masa wurin zama. A hana shi doguwar tafiya, a hana shi aikin ƙarfi, a riƙa yi masa sannu ko da kuwa bai yi ƙorafin komai ba. Shi ma da kansa sai ya soma kallon jikinsa tamkar ƙwai a cokali. Tausayi ne ya kawo wannan, babu shakka, sai dai tausayin da ba shi da ilimi a bayansa yakan cutar. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manya miliyan 589 ne ke fama da wannan larura a faɗin duniya. In har za a zaunar da duk wannan taron, to an zaunar da wani babban yanki na masu jini a jika.

Akwai wasu mutane a Turai da Amurka da suka ɗauki hanyar da ta saɓa wa wannan. Suna da nau'in ciwon da ya fi tsanani, wanda ake kira nau'i na ɗaya, inda jiki ya daina samar da insulin sai dai a sha allura kullum, amma kuma sana'arsu ita ce tseren keke a kan duwatsu. Yadda suke shirya wa wannan aiki ya cancanci nazari, domin a cikinsa akwai darasi ga ma'aikacin da ke zaune a ofis da kwalin magani a aljihun tebur.

Daga hukuncin kisa zuwa fagen gasa

Kafin shekarar 1921, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. A wannan shekara ce Frederick Banting da Charles Best suka yi aikin da ya kai ga samo insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada, kuma a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar. Tun daga nan rayuwa ta yiwu, amma an daɗe likitoci suna ɗari-ɗari da barin masu ciwon su shiga wasanni masu wahala, saboda tsoron faɗuwar sukari.

Phil Southerland, ɗan Amurka da aka haifa a 1982, yana ɗan wata bakwai aka gano yana da ciwon, kuma an gargaɗi mahaifiyarsa cewa da wuya ya kai shekara 25 da rai da lafiya. Ya girma ya zama ɗan tseren keke. A 2005 shi da abokinsa Joe Eldridge, wanda shi ma ke da ciwon, suka kafa ƙungiyar Team Type 1. A 2007 mahaya takwas na ƙungiyar, dukkansu masu ciwon sukari, suka lashe rukuninsu a tseren da ke ratsa Amurka daga gaɓar yamma zuwa ta gabas, tafiyar da ta haura kilomita 4,800, wadda ta haɗa da ƙetare manyan duwatsu, suka kammala cikin ƙasa da kwana shida. A ƙarshen 2012, da tallafin kamfanin haɗa insulin na ƙasar Denmak, ƙungiyar ta rikiɗe ta zama Team Novo Nordisk, ƙungiyar ƙwararru ta farko da duk mahayanta masu ciwon sukari ne. Ɗaya daga cikinsu, David Lozano ɗan ƙasar Sifen, wanda ya taso a tseren keken dutse kafin ciwon ya same shi yana ɗan shekara 22, ya lashe zango guda a gasar zagaye Ruwanda ta 2018, ƙasar da ake wa kirari da mai tuddai dubu. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa kuwa sun san Nacho Fernández, wanda aka gano ciwonsa yana ɗan shekara 12, kuma shi ne kyaftin ɗin Real Madrid da ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2024.

Saboda haka batun ko mai yiwuwa ne, gani ya kori ji. Abin tambaya shi ne ta yaya.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Duk sukarin da ke yawo a jinin baligi a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Sauran yana ajiye a rumbuna biyu: hanta na riƙe da kimanin giram 100, tsokoki kuma kimanin giram 400. Rumbun tsoka na tsokar ne ita kaɗai, ba ta mayar wa jini. Hanta ce ke buɗe nata rumbun ta ciyar da jini, jini kuma ya ciyar da ƙwaƙwalwa, wadda kusan ba ta da wani makamashi sai wannan. Mai taka feda a kan tudu yana iya ƙona fiye da giram guda na sukari a kowane minti. Mai karatu zai iya lissafa wa kansa yadda cokali guda zai daɗe in hanta ba ta cika aikinta ba.

A jikin mai lafiya, da an fara motsi sai gaɓar da ke samar da insulin, wadda ke kwance a bayan tumbi, ta rage aikinta, hanta kuma ta samu damar sakin ajiyarta. Mai shan allura ba shi da wannan gatan. Insulin ɗin da ya shiga ƙarƙashin fata ya shiga ke nan, ba a kiransa ya dawo. Hasali ma zafin jiki da ƙaruwar gudun jini sukan hanzarta shigarsa, musamman in a cinya aka yi allurar, shi ya sa ake ba mahaya shawarar su yi ta a ciki. Bugu da ƙari, tsokar da ke aiki tana buɗe ƙofofinta ga sukari ba tare da ta jira insulin ba. Ga insulin yana tura sukari cikin tsoka yana kuma danne hanta, ga tsoka tana jan nata: sakamakon shi ne faɗuwar sukari.

Sai dai kuma dutse yana da wata fuskar. Idan hanya ta miƙe tsaye, mahayi ya tashi daga kan sirdi ya zuba duk ƙarfinsa, jiki kan saki sinadarin adirinalin, wanda ke tilasta wa hanta ta zubo sukari fiye da abin da tsoka ke iya sha, sai ma'auni ya haura. Fargabar ranar gasa ma tana yin haka. Wasu masu bincike a Jami'ar Yammacin Ostireliya sun nuna a 2006 cewa gudun ƙure ƙarfi na daƙiƙa 10 kacal a ƙarshen motsa jiki matsakaici yana iya tsayar da faɗuwar sukari na ɗan lokaci. Hanyar dutse kuwa cakuɗe take da hawa mai tsawo, da tsayuwar tudu, da gangara, don haka a fita guda sukari na iya sauka, ya hau, ya sake sauka. Wannan ne ya sa hawan dutse ya fi tafiyar shimfiɗaɗɗiyar hanya wuyar sha'ani ga mai ciwon.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shirin yana farawa ne a ɗakin likita. Ana duba zuciya da hawan jini, musamman ga wanda ya haura shekara 40 ko ya daɗe da ciwon. Ana duba bayan ido, domin wanda ciwon ya lalata masa jijiyoyin ido ƙwarai yana cikin haɗarin zubar jini a cikin idon in ya yi yunƙuri mai tsanani. Ana duba ƙoda. Ana duba ƙafa, domin wanda ya rasa ji a tafin ƙafarsa takalmi na iya yi masa rauni bai sani ba, ko da yake keke ya fi gudu sauƙi a nan tun da nauyin jiki ba a kan ƙafar yake ba.

Daga nan sai lissafi. A 2017 wani ayarin ƙwararru ƙarƙashin jagorancin Farfesa Michael Riddell na Jami'ar York da ke Toronto ya fitar da matsaya guda kan motsa jiki ga masu nau'i na ɗaya, wadda aka buga a ɗaya daga cikin mujallun Lancet. A taƙaice, mafi dacewa a fara doguwar tafiya sukari yana tsakanin 7 da 10 a ma'aunin milimol, wato 126 zuwa 180 a ma'aunin miligiram, domin wasu na'urorin gwajin da ke hannun mutane da na farkon suke aiki, wasu da na biyun, kuma ana ninka na farko sau 18 a samu na biyu. In yana tsakanin 5 da 6.9, a ci giram 10 na sukari kafin a tashi. In bai kai 5 ba, a ci giram 10 zuwa 20 a dakata har ya haura. In ya zarce 15 ba tare da wani sanannen dalili ba, a gwada sinadarin kiton, wanda jiki ke tarawa idan insulin ya yi ƙaranci. In kiton ɗin jini ya kai 1.5, babu batun hawa keke a ranar, magani za a nema. Haka kuma wanda sukarinsa ya faɗi har sai da wani ya kawo masa ɗauki a cikin awa 24 da suka wuce, ya haƙura da fita, domin faɗuwar jiya tana raunana garkuwar jiki a kan faɗuwar yau.

Ita ma allurar abincin da aka ci kafin fita akan rage ta, daga kashi 25 zuwa kashi 75 cikin ɗari gwargwadon tsawon aikin da nauyinsa. Wannan ragi kuwa likita ne ke tsara shi tare da mai ciwon. Ba abin da mutum zai karanta a jarida ya zartar wa kansa ba ne.

A kan hanya

Mu ɗauki Alpe d'Huez, sanannen hawan nan na gasar zagaye Faransa: kilomita 13.8, kwana 21, ana ɗagawa sama da mita 1,000. Gwanaye kan gama shi cikin kimanin minti 40, mai son wasa kuwa yakan haura awa guda. A irin wannan aiki ana buƙatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa, wani lokaci har zuwa 90 a doguwar rana. Ayaba matsakaiciya tana da kimanin giram 25, ƙananan dabino uku kimanin 15, haka ma babban cokali na zuma ya ɗan ɗara 15. Ƙa'idar ita ce a riƙa ci kaɗan-kaɗan tun kafin jiki ya nema, domin wanda ya jira yunwa ya makara.

Iyakar da ake kira faɗuwar sukari ita ce ƙasa da 3.9, wato 70. Ƙasa da 3.0 kuma haɗari ne na gaske. Matsalar ita ce alamominta, gumi da bugun zuciya da karkarwa da kasala, su ne dai abubuwan da duk mai hawan tudu ke ji. A wurare masu tsawon da ya haura mita 2,500, kamar mashigar Galibier mai mita 2,642, ciwon kai da jiri da tashin zuciya na ƙarancin iska su ma sukan yi kama da ita. Don haka mahayi ba ya dogara da yadda yake ji. Gwadawa yake yi.

A nan ne na'urar da ake mannawa a dantse, mai auna sukari dare da rana tana aika adadin zuwa waya ko agogo, ta sauya al'amura, domin ban da adadin tana nuna inda ya dosa. Adadin 6 mai gangarowa da sauri ya fi 5 da ke tsaye wuri guda ban tsoro. Amma na'urar ruwan da ke ƙarƙashin fata take aunawa, ba jini ba, don haka takan yi jinkirin minti 5 zuwa 15, kuma jinkirin ya fi yawa a lokacin motsa jiki. Mai hankali yana tafiya da ƙaramar na'urar huda yatsa domin tabbatarwa. Amfanin wannan na'ura ya kai har masu lafiya suka rungume ta, abin da ya sa Hukumar Tseren Keke ta Duniya ta haramta ta a lokacin gasa a 2021, tare da keɓe masu ciwon sukari. A 2023 an soke matsayi na uku da Ba'amurkiya Kristen Faulkner ta samu a tseren Strade Bianche na Italiya saboda an ga na'urar a jikinta. Shi kansa insulin yana cikin jerin abubuwan da Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyi a Wasanni ta haramta, sai ɗan wasa ya samu izini na musamman bisa shaidar likita.

Sai kuma yanayi. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 zuwa 7 a duk mita 1,000 da aka hau, don haka wanda ya tashi cikin zufa a kwari yana iya isa ƙoli yana rawar ɗari. Sanyi yana rikita na'urar gwaji yana cinye batir, insulin kuma in ya daskare ya lalace ke nan. Shi ya sa ake sanya su a aljihun ciki, kusa da ɗumin jiki. A rana mai zafi kuwa akasin haka ake tsoro, ga kuma ƙishirwa, wadda kan sa sukari ya yi sama.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Wanda bai san dutse ba zai ɗauka isa ƙoli shi ne ƙarshen wahala. Ga mai ciwon sukari, gangara ta fi hawa haɗari. A kan kwalta keke na iya yin gudun kilomita 70 a awa, a kan hanyar daji kuma ga duwatsu da saiwoyi da ramuka, kuma duk kwana tana buƙatar ido da hannu su yi aiki tare a kan birki. Abu na farko da faɗuwar sukari ke taɓawa shi ne saurin tunani da daidaiton gani, sau da yawa tun kafin mutum ya lura. Saboda haka doka ce a tsaya a ƙoli a gwada. In an samu ƙasa, a sha giram 15 na sukari mai saurin narkewa, kamar ƙwayar sukari huɗu ko rabin ƙaramar kwalbar lemo, a jira minti 15, a sake gwadawa, sannan a sauka.

Ba a kuma shiga daji a kaɗaice. A gasar Cape Epic ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2004, mahaya bibbiyu suke tafiya na tsawon kwana takwas, kuma doka ta hana tazarar da ta wuce minti biyu a tsakaninsu. Abin da gasa ta wajabta wa kowa a can, hankali ya wajabta wa mai ciwon sukari a ko'ina. Abokin tafiya ya san alamomin: magana ta soma sarƙewa, mutum ya fara faɗa ba dalili, keke yana tangaɗi. Ya san aljihun da sukari yake, ya san yadda ake amfani da maganin gaggawa na gulukagon, ya kuma san cewa ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki.

Ko an dawo gida ma da sauran aiki. Tsokoki sukan ci gaba da jan sukari domin cika rumbunsu har tsawon awa 24 ko fiye, kuma bayan motsa jikin yamma faɗuwar ta fi zuwa cikin dare, mutum yana barci. Don haka ake cin abinci mai sitaci da nama ko wake ko madara bayan an sauka, ake gwaji kafin kwanciya, wasu kuma likita kan rage musu allurar dare da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Akwai kuma tarko ga wanda ya ga sukarinsa ya haura bayan hawa mai tsanani ya yi gaggawar ƙara cikakkiyar allura: adirinalin zai janye, allurar ta rage ita kaɗai a fili.

Littafi da biro

Babu mutum biyu da jikinsu ke amsawa iri ɗaya, shi ya sa babban makamin mahayi shi ne rubutu. Ya fara da minti 20 zuwa 30 a hanya shimfiɗaɗɗiya da ya sani, a lokaci guda na yini, yana rubuta abin da ya ci, allurar da ya yi, da adadin sukari kafin fita, a tsakiya, bayan dawowa, da washegari da safe. Ya riƙa sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, ko tsawon tafiya ko tsayin tudu, domin in ya sauya uku ba zai san wanne ya jawo abin da ya gani ba. Bayan makonni sai ya ƙara ƙaramin tudu guda yana maimaita hawansa, yana kuma ware ranakun hutu. Yayin da jiki ke ƙarfi, buƙatarsa ta insulin takan ragu, sai a koma wurin likita da littafin a gyara lissafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu da ke nan fa?

Kashi 90 cikin ɗari ko fiye na masu ciwon sukari nau'i na biyu ne ke gare su, kuma akasarin masu karanta wannan shafi da ke da ciwon a nan suke. Lamarinsu ya fi sauƙi. Wanda ke kan metformin kaɗai da wuya motsa jiki ya kayar masa da sukari. Mai shan glibenclamide da danginsa, ko mai yin allura, shi ne zai kiyaye ƙa'idojin da suka gabata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma tun da amfanin fita guda ga aikin insulin ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu, bai kamata a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba.

Gaskiya ne na'urar mannawa da takardun gwaji suna da tsada a wurinmu, zafinmu kuma ya sa dole a fita da sanyin safiya a kuma kiyaye insulin daga rana. Amma akwai shingen da ya fi kuɗi tsayi, shi ne kallon da muke wa keke a matsayin abin hawan wanda bai samu ba. Darakta ko babban malami zai yarda ya kashe dubbai a kan magani duk wata, amma yana jin kunyar maƙwabta su gan shi da hular kwano yana taka feda. Alhali ƙasar Ruwanda ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya a Kigali a watan Satumbar 2025, karo na farko a nahiyar Afirka, mu kuma ga tudun Jos da ya haura mita 1,200, ga Mambila da ta fi shi tsayi, duk a ƙofar gida.

Ba kowa ne zai hau Galibier ba, ba kuma a buƙatar haka. Abin da mahayan nan suka tabbatar shi ne ciwon sukari yana biyayya ga wanda ya san lissafinsa, yana kuma kayar da mai ganganci kamar yadda yake cinye mai zaman dirshan a hankali. Wanda ke da larurar ya ga likitansa, ya sayi littafi da biro, ya zuba dabino a aljihu, ya nemi abokin tafiya. Dangi kuma, maimakon kujera, su taya shi neman keke.